Shekarar da na cire Fendo daga lakol

Zalika ce ta sa na rubuta wannan babin, ko da yake ba ta sani ba. Ranar sunan ɗanta ina kishingiɗe a ɗaki, saboda ƙafafuna ba sa son tsayuwa yanzu, na ji ta a tsakar gida tana ba ƙawayenta labarin 'yar uwarta Fendo, mai sayar da nono a kasuwar Gidan Rumji. Ta ce yarinyar ta fi duk 'ya'yan gidanmu kai, amma Mama, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana bin gida-gida tana roƙon iyaye su sa 'ya'yansu mata lakol, wato makarantar boko, ita ce ta je da ƙafarta ta cire ta. Ba da mugunta ta faɗa ba. Zalika ba ta iya mugunta ba, bakinta ne dai ke riga hankalinta isa wuri tun tana ƙarama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya musa, sai na gane haka ku duka kuka ɗauki maganar, har da kai Sa'adu mai shiru-shiru. To, gaskiya ne, ni na cire ta. Ba kuma gafararku nake nema ba. So nake ku san abin da idona ya gani kafin in yi haka, tunda a lokacin ku yara ne, abin da kuka sani kawai shi ne an kawo wata baƙuwa gidanmu wadda ba ta magana.

Fendo 'yar yayana Sambo ce. Ni aka ba lakol a rugarmu, don lokacin da mai gari ya ce kowace ruga ta kawo yaro ɗaya, babanmu ya duba ya ga ni ce ban isa tatsa ba, ban isa kiwo ba, rashina ba zai rage komai ba. Sambo ya zauna da shanu. Shi ne kuma daga baya, da ya ga ƙanwarsa ta zama madan, malamar lakol mai albashi, ya sa Fendo a wata 'yar lakol ta zana da aka kafa kusa da su, yammacin Gidan Rumji, duk da ta ɗan wuce shekarun shiga. Uwarta ta rasu tun tana goye. Shekarar da damina ta ƙi, shanun Sambo suka yi ta faɗuwa, ya kora ragowar ya tsallaka iyaka neman ciyawa, ya dawo da tari da saniya ɗaya, bai ga wata damina ba. Fendo ta rage a hannun Baffa, ƙanen babanmu, tsoho wanda shi kansa a lokacin neman mai riƙe shi yake. A cikin wannan baƙin cikin ne ta ci sertifika, jarrabawar gama ƙaramar lakol, tana da shekara goma sha huɗu ko kusa da haka, kuma ita ce ta farko a duk lakol ɗin.

Kwalej tana cikin garin Gidan Rumji. Ni kuwa an tura ni wani ƙauye bayan Gangara, can gabas, inda ba kwalej ba alamarta, muna cunkushe da ku da babanku a ɗaki biyu. Sai aka ce wata ƙungiya ta buɗe gidan marayu a bakin garin, tana ɗaukar yara irin su Fendo, ta ba su wurin kwana da abinci, su riƙa zuwa kwalej daga can. Baffa ya yarda, ni kuma har rawa na taka a tsakar gida, babanku yana mini dariya. Dole in yi wa gidan nan adalci, don na ji wasunku suna zaginsa ba su taɓa ganinsa ba. Akwai katanga, akwai famfo, kowane yaro da gadonsa da gidan sauronsa, ana cin abinci safe da rana da yamma, abin da yawancin yaran ba su taɓa samu ba a gidajen iyayensu. Mai riƙe da gidan, Mushe Isuhu (mushe ake ce wa malami namiji, kamar madan ga mace), tsohon malamin lakol ne, Bagobiri mai zane a fuska, mutum mai tsoron Allah wanda ko ƙwayar shinkafar maraya ba ta taɓa bin shi gida ba.

Shi ne ya kafa dokar cin abinci, kuma da dalilinsa. Kafin ya zo, manyan yara ƙwace wa ƙanana suke yi, wasu su ɓoye tuwo a ƙarƙashin katifa ɓeraye su cika ɗakin kwana. Sai ya ce daga yau kowa a rumfa ɗaya zai ci, maza a wannan gefe, mata a wancan, kowa da kwanonsa da cokalinsa, shi kuma yana zagayawa da hannu a baya har sai ya ga gindin kowane kwano. Ko loma ɗaya ba ta fita daga rumfar. Dokar ta yi aiki. Yaran da suka zo kamar kara suka yi kumatu, duk wata ana ɗora su a sikeli, yana murna kamar shi ya haife su.

A nan sai na tsaya na yi muku bayanin abin da ba ku sani ba, ku da kuka tashi a gidan Bahaushe kuna tafe kuna cin ƙosai a kan hanya kuna gaisawa da mutane da baki cike. A ruga, yarinyar da ta fara zama mace ba ta tauna abu a gaban namiji babba. Ko ubanta ne ya shigo, sai ta rufe ƙwaryar ta kau da kai. Baƙo in ya zo, ajiye masa ake a fita, a bar shi shi kaɗai. Mutum ya buɗe baki ya ce yana jin yunwa kuwa, gara ya tuɓe a tsakiyar kasuwa. Hausawa suna kiran abin fulako suna mana dariya, suna tsammanin yanga ce. Ba yanga ba ce, maƙogwaro ne ke rufewa. Ni an kai ni lakol ina 'yar shekara bakwai, yaro mai shekara bakwai kuwa ba abin da ba ya zubarwa, cikin wata guda ina kokawa da 'yan maza a bakin tukunya. Fendo ta riga ta girma da abin a jikinta. A lakol ɗinta ta zana ma da rana gida take komawa ta sha furarta a bayan bukka.

Ta shiga gidan bayan kaka. Ban ji komai ba sai cikin sanyi, ranar da Mushe Isuhu ya kira salular babanku ya ce a ba shi madan.

"Madan, ɗiyag ga ta gagare mu," in ji shi. "Kullum sikeli baya takai. Mun kai ta likita, anka auna ta ba tari, anka ba ta maganin tsutsa da na ƙarin jini, dud a banza. Masu dahuwa na hwaɗin iska ce. Ko akwai wata cuta cikin danginku da ba mu sani ba?"

Na ce tarin ubanta kaɗai na sani. Washegari na bar ajina a hannun wani abokin aiki, na hau kabu-kabu zuwa Gangara, na shiga motar Gazawa, daga nan Agie, daga nan Maraɗi, na sake wata motar zuwa Gidan Rumji. Na kwana a hanya wurin wata ƙawata, na isa gidan marayun daidai an kaɗa ƙararrawar abincin rana. Tun daga ƙofa nake jin ƙarar cokula. Na bi layin 'yan mata da ido ban ga Fendo ba, sai mai gadi ya nuna mini can gaba. Mushe Isuhu, saboda tausayi da damuwa, ya ɗauke ta daga cikin 'yan uwanta mata ya zaunar da ita a teburinsa, a gaban rumfar, fuskarta na kallon yaran duka, maza da mata. Ya ce ta haka ne zai tabbata ta ci. Har naman kwanonsa yake tsamewa yana zuba mata.

Da ban san ita ce ba da na wuce ta. Wuyanta ya yi tsawo, idanunta sun faɗa, awarwaron uwarta da ke matse mata hannu ranar da aka kawo ta ya gangaro har bayan tafinta. Kanta na sunkuye, tana juya cokali a cikin wake da shinkafa. Mushe yana cewa ci, ɗiyata, ci don Allah. Ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta kai baki a bayan mayafi, na ga ba ta tauna ba, a kumatu ta ajiye su. Can ta ce, da muryar da sai ka kasa kunne:

"Na ƙoshi, Mushe."

Nan take na gane abin. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na roƙi a ba ni ita. Na fita bakin hanya na sayi fura da nono wurin wata 'yar uwarmu mai talla, na dama da kaina, na kai Fendo ɗakin ajiyar hatsi na kusa da madafa. Na ajiye ƙwaryar a ƙasa, ban ce mata komai ba, na fito na ja ƙofa. Na zauna a waje ina ba Inna Kande, babbar mai dafuwar gidan, labarin tsadar albasa a Gazawa da ƙarfi, don yarinyar ta ji hankalina ba ya kanta. Da na koma, ƙwaryar kamar an wanke ta. Fendo na zaune a jikin buhu ta rufe fuska da hannu biyu tana kuka, kunya take ji na ga ta shanye.

Da Fillanci muka yi magana, shi ma sai da na yi ta jan ta. Na tambaye ta da me take rayuwa duk watannin nan. Ta ce ruwan famfo, sai kuma wata yarinya mai gado kusa da nata, 'yar wajen Tibiri, da takan ɓoye mata ƙanzo ko ɗan burodi a cikin zane, har ranar da aka kama ta aka sa ta sharar rumfa. Litinin da Alhamis kuma takan ce azumi take, don a ƙyale ta. Na ce to abin da ake ɓoye miki, a ina kike ci, tunda ɗakin kwana cike yake da mutane?

"A ban ɗaki, Gwaggo," ta ce. "Nan kaɗai ke da ƙofa."

Na sha ganin abin tausayi a aikina, amma wannan maganar har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina. Na samu Mushe Isuhu a buro, wato ofishinsa, na faɗa masa komai, kuma ku kun san bakina, ban tauna masa ba. Bawan Allah ya cire tabarau ya riƙe kai. Ya ce shekara nawa yana zaune da Fulani, yana sayen nononsu, yana tsokanarsu da fulako, bai taɓa kawowa a ransa abin zai iya hana yaro mai jin yunwa ci ba. Ya ce shi da ya zaunar da ita gabansa, gani yake gata yake mata. Muka shirya cewa Fendo za ta riƙa ɗaukar kwanonta ta shiga madafa, ta zauna a tabarma bayan buhunan hatsi, Inna Kande ta juya mata baya. Na koma bakin aikina da sanyin rai. Bayan 'yan makonni ya kira ya ce sikeli ya fara hawa, kuma malamin lissafi ya ce bai taɓa koyar da yarinya irinta ba.

Da a nan labarin ya tsaya da yau Fendo ce ke duba mini hawan jini. Amma gab da shigowar bazara manyan ƙungiyar suka zo duba gidan, mutanen Yamai da wata baturiya. Ba su sanar ba, suka faɗo daidai lokacin abinci. Suka ga yara a jere a kan benci cikin rumfa mai tsabta, suka ji daɗi. Da suka leƙa madafa sai ga yarinya guda, Bafillatana, ramammiya, a ƙasa cikin hayaƙi tana ci ita kaɗai a bayan buhu. Inna Kande ta ce mini baturiyar har hawaye ta yi. Mushe Isuhu ya yi ta bayani, suka ce ba shi za su tambaya ba, yarinyar za su tambaya. Wani babban mutum mai kwat ya durƙusa a gabanta, kwano na hannunta, ya ce ta faɗi gaskiya kada ta ji tsoro, tilasta mata aka yi ta ci a nan? Ku da kanku kun san abin da Fendo za ta yi. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin amsa. Suka ce gidan yana ware yara saboda ƙabila, kuma in aka sake ganin yaro yana ci a wajen rumfa, Mushe ya nemi wani aikin.

Ba na zaginsu su ma. Abin da suka gani, a inda suka fito, mugun abu ne, kuma sun yi nufin kare ta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne duk wanda ya cuci yarinyar nan a shekarar nan, da niyyar alheri ya yi, ba ka da wanda za ka kama ka ce kai ne. Mushe ya mayar da ita cikin 'yan mata, ya daina zagayawa ta layinsu, iyakar abin da zai iya ke nan. Amma labari ya riga ya bazu. A da ba wanda ya damu da ita, yanzu kuwa da ta ɗaga cokali sai rumfar ta yi tsit, 'yan maza su leƙo, wani ya yi kukan saniya, wani ya ce ku yi shiru nagge za ta yi tuƙa. Yara ne, ba su san abin da suke yi ba, marayu ne su ma kowa da nasa ciwon. Mushe ya hore su, horon ya ƙara sa suka tsane ta. Bai kira ni ba a lokacin, daga baya ya ce kunyata yake ji.

A tsakiyar zafin bazara ta faɗi a cikin aji. Wannan karon da na iso a gadon likita na same ta, an sa mata ƙarin ruwa. Fuskarta ta ɗan cika, har na fara murna, sai majo, babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya ja ni gefe ya ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ya buɗe mini ƙasan idonta, fari fat. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, zuciyarta tana gudu ko tana kwance, kuma ta gaya wa ungozoma al'adarta ta ɗauke tun cikin sanyi. Ya ce shi zai iya tsayar da ita da ƙafafunta, amma in ta koma inda ba ta ci, zazzaɓin farko na damina zai iya tafiya da ita.

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba. Na zagaya garin nan cikin rana ina neman gidan da zai riƙe ta ta riƙa zuwa kwalej daga can. Wata hajiya ta yarda, amma tun kafin in zauna ta fara lissafa mini wanke-wanke da ɗiban ruwa da rainon jikoki, na dubi hajiyar na tuna yarinyar da ko buta ba ta iya ɗagawa. Wani gidan kuma maza ne cike da zaure da tsakar gida, ba inda za ta ɓuya. Ƙungiyar ta ce ita yaran da ke kwana a gidanta kaɗai take ɗaukar nauyinsu. Daraktan kwalej ya ce ba a mayar da ɗalibi wani gari a ƙarshen shekara, kuma ya faɗa mini abin da na riga na sani, tunda aikina ne: in ta bar aji kafin jarrabawar ƙarshe, shekarar ta faɗi, shekarunta kuma sun wuce a bar ta ta maimaita. In ta fita, ta fita ke nan. Na kira babanku, ya ce ke kika san 'yan uwanki, abin da kika yanke ina bayanki. Allah ya jiƙansa, haka yake, duk abu mai nauyi sai ya miƙo mini shi cikin ladabi.

Mushe Isuhu ya same ni a barandar likita.

"Madan, ki bar ta ta ƙarasa," ya ce. "Saura kaɗan a yi bakansi, babban hutu. In sun so su kore ni, su kore ni, ni ka kai mata kwanon da hannuna in aje in hita."

Na ce ko ya kai mata, a gidan da yara fiye da yatsun hannu da ƙafa suke leƙen ta, ina za ta ci? In an kore shi kuma, wanda zai zo ya san ta? Kuma bayan bakansi fa, shekara uku ke gabanta a rumfar nan. Na shiga ɗakin, rana ta take, Fendo na kwance tana kallon bango, ashe duk ta ji mu. Na zauna a bakin gadon na ce mata ta shirya, in majo ya sallame ta gidana za mu. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, hannuna ta kama.

"Gwaggo, ki bar ni," ta ce. "Ina koyo. Ranar da na faɗi ma na haɗiye loma suna kallo. Ki bar ni kaɗan, zan iya. Ke ma ai kin iya."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mini ciwo. Sai na ja zanen da ke ƙafarta na danna babban yatsana a kan idon sawunta. Na ɗaga, ramin ya tsaya, bai tashi ba. Na zauna ina kallon ramin nan. Na tuna Sambo, wanda ya bar duniya da saniya ɗaya da 'ya ɗaya. Na san abin da lakol take, ita ta mayar da ni mutum, ita nake ci, ita nake wa'azi. Na kuma san in na bar yarinyar nan ta mutu, ba wanda zai ce laifin wani ne, za a ce kwananta ne ya ƙare. Na ce mata a'a, tafiya za mu yi. Ta saki hannuna ta juya ga bango, ba ta sake roƙona ba, ba ranar ba, ba bayanta ba.

Sauran kun gani da idonku, ko da ba ku fahimta ba. Ita ce baƙuwar da nake kai wa ƙwarya ɗaki in ja labule, kuna bina kuna tambaya ko amarya ce. Zalika, ke ce kika fi kowa leƙen ta, har na taɓa zane ki a kan haka. Damina ta sauka, zazzaɓin da majo ya faɗa ya kama ta, ya kwantar da ita kwanaki, ta tashi. Kumburin ya saɓe, jini ya dawo mata, kafin kaka ta fara zuwa rijiya da ku. Da aka koma lakol na bi buro-buro, Gazawa, Agie, har Maraɗi, ko'ina maganar ɗaya ce, shekarunta sun wuce. Na ce to zan koya mata a gida, na kawo littattafan ajin da ta bari na ajiye mata. Ta karɓa da hannu biyu ta gode, ta sa su a ƙarƙashin tabarma, ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Da Baffa ya aiko yana neman mai dama masa fura, ita ta ce za ta koma. Bayan wasu shekaru ta auri wani ɗan uwanmu da ta zaɓa da kanta, mutumin kirki mai 'yan awaki da shanun riƙo.

Tambayar da nake kwana da ita, ba ku ne kuka fara yi mini ita ba. Da na bar ta, da ta koya? Wataƙila. Wataƙila da maƙogwaron ya buɗe wata rana, ta ƙarasa, ta ci birbe, jarrabawar gama kwalej, yau tana sanye da farar riga ana kiranta madan. Wataƙila kuma da tuni ciyawa ta rufe kabarinta a bayan Gidan Rumji. Ban sani ba, ba kuma zan sani ba. Mushe Isuhu ya rasu yana ganin na yi gaggawa, ya faɗa mini haka a fuskata wata rana da muka haɗu a tashar Maraɗi, ban ji haushinsa ba. Fendo kuwa duk Sallah tana aiko mini da man shanu, in na je ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi kowannenku da suna. Maganar lakol ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, kuma na ɗauka ta wuce a wurinta.

Bara, kafin ƙafafun nan su matsa mini, na je Gidan Rumji ranar kasuwa. Na same ta a inda matan rugarsu ke jera ƙore a gindin bishiya. Tun daga nesa na ga wani abu bai yi daidai ba, don sauran matan duk sun ja kayansu gefe sun juya mata baya. Da na matso sai na ga 'yarta Ramatu, yarinya da ta fara tasawa, zaune a kan dutse a bakin hanya, a fili, dab da rumfar dillalan hatsi inda maza suka fi yawa. Kwanon wake da shinkafa ne a cinyarta. Tana ci tana hawaye, majina na zuba, uwar na tsaye a kanta da ludayi a hannu. Wani dillali yana dariya yana cewa yau ga Fulani sun waye. Na ja Fendo gefe na tambaye ta da Fillanci mene ne wannan, ko ta haukace ne, ba ta ga yadda 'yan uwanta suke kallonta ba? Ta ce ta gani. Ta ce duk ranar kasuwa haka suke yi, tun yarinyar na ƙarama, kuma surukarta ta daina cin abin hannunta saboda haka. Ta ce Ramatu ce ta farko a ajinsu, baɗi in Allah ya yarda za ta tafi kwalej, can kuma kwana ake.

Na ce to ai sai a bi ta a hankali, yarinya ce, kina ganin kuka take.

"Ta yi kukan yanzu, Gwaggo," in ji ta. "Ita ba wanda zai zo ya ɗauke ta."

Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Ta koma kan 'yarta ta ce mata ta ɗaga kai ta tauna.